Amsa: A yi wa bakan ado ko a bar shi haka?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko a zana wa bakan da za a sassaƙa maka ado. Ni dai na fi son wanda kyansa ya fito daga itacen kansa. Dubi dogon bakan Ingila na itacen yew: bayansa, wato gefen da ke fuskantar abin da ake harbi, fari-fari; cikinsa, wato gefen da ke fuskantar maharbi, ja-ja. Farin yana jure miƙewa, jan kuma yana jure matsi idan an ja tsarkiya. Wannan haɗin launin yana burge ni matuƙa.

In kana son ƙari, sa a naɗe mariƙin da fata, a sa ƙaho inda tsarkiya ke zama. Amma kar masassaƙin ya yi zane mai zurfi a bayan bakan, domin daga nan yake fara tsagewa.