Megafiksel 20 Da 24: In Taɓa Jarina In Sayi Babbar Kyamara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, ina sayar da yadudduka da takalma da jakunkuna ta intanet, kuma ni nake ɗaukar hoton kayan da kaina da wata 'yar kyamara ta aljihu mai megafiksel 20. Kwanan nan mutane sun fara kirana in ɗauki musu hoto a wajen taro su biya ni, sai dai hotunan da nake ɗauka a cikin ɗakin taro ba sa kyau kamar na waje. An yi mini tallan babbar kyamara irin wadda ake canza wa gilashi, wato DSLR, mai megafiksel 24. Kuɗinta ya ninka na tawa sau da yawa, sai na taɓa jarin kayana kafin in iya saye. Megafiksel 4 ne kacal tsakaninsu. Shin bambancin hoton ya kai in yi haka?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ƙara buɗi. Ka fara da cire megafiksel daga lissafinka, domin shi ne lambar da aka fi rubutawa da manyan baƙaƙe a jikin kwali, kuma shi ne ya fi ƙarancin amfani a gare ka. Megafiksel ƙidayar ɗigo-ɗigon da suka haɗu suka zama hoto ne, ɗigo miliyan ɗaya shi ne megafiksel ɗaya. In za ka wanke hoto mai inci 4 da 6 a kan ɗigo 300 kowane inci, ɗigo 1200 sau 1800 kake buƙata, wato miliyan 2 da 'yan kai. Hoto mai girman takardar A4 bai kai ya cinye miliyan 9 ba. Canon EOS 5D da ta fito a 2005 megafiksel ɗinta bai cika 13 ba, amma masu hoto na sana'a sun shekara da shekaru suna cin abinci da ita. Ka ga ke nan daga taka har wadda ake yi maka talla, kowacce ta wuce buƙata ta wannan fuskar.

Bambancin yana cikin ciki, a wani ɗan faranti da ake kira sensa, wanda haske ke sauka a kansa ya zama hoto. Yawancin kyamarorin aljihu sensarsu ba ta wuce milimita 6.2 da 4.6 ba, ko girman farcen ƙaramin yatsa ba ta kai ba. Ta DSLR ta masu farawa, wadda ake kira APS-C, tana da kimanin milimita 23.5 da 15.6, wato fili ya ninka na ƙaramar kusan sau 13. Ta manyan ƙwararru kuwa milimita 36 ce da 24, ninki kusan 30. Tunda kai ɗan kasuwa ne, ka ɗauka filaye biyu ne aka yanka rumfuna, ɗaya rumfa miliyan 20, ɗaya miliyan 24, amma fili na biyu ya ninka na farko sau 13. Yawan rumfunan kusan ɗaya ne, sai dai kowace rumfa a babban filin tana ɗaukar kaya ninki goma na 'yar uwarta. Kayan da ake zubawa a nan shi ne haske.

Wannan shi ya sa hotunanka na waje suke kyau. Da rana haske ya wadata, ƙaramar rumfa ma cika take yi. Da ka shiga ɗakin taro sai kason kowane ɗigo ya ragu ƙwarai, kyamarar ta rasa yadda za ta yi. Ko dai ta bar ƙofar hasken a buɗe ta ɗan jima, duk wanda ya motsa ya fito dishi-dishi, ko ta ɗaga abin da ake kira ISO, wanda kamar ƙure muryar rediyo ne a tashar da ba ta kama sosai ba: maganar za ta ƙaru, shuuu ɗin ma ya ƙaru. A hoto wannan shuuu ɗin shi ne yashi-yashin da kake gani a wurare masu duhu. Daga nan sai kwamfutar cikin kyamarar ta bi ta shafe yashin, ta haɗa da gashin gira da saƙar tufafi, fuska ta fito sumul kamar an shafa mata kakin zuma. Babbar sensa takan yi aiki a ISO 1600 ko 3200 hoto ya fito da mutuncinsa, ƙaramar kuwa tun daga 400 zuwa 800 ake fara ganin ta gaji.

Akwai kuma matsalar fari da baƙi a hoto ɗaya. Mutum mai duhun fata sanye da fararen kaya shi ne jarrabawar kowace kyamara. Ƙaramar sensa sai ta zaɓi ɗaya: in fuska ta fito, rigar ta ƙone ta zama fari fat babu ko alamar ɗinki, in rigar ta fito, fuskar ta nutse. Babbar tana riƙe duka biyun fiye da haka, kuma tana iya ajiye hoto a tsarin RAW, wanda ke adana matakan haske 4096 ko 16384 a kowane ɗigo, alhali JPEG, tsarin hoto na yau da kullum, 256 kawai yake riƙewa a kowane launi. Amfanin wannan sai ka zauna gyara a kwamfuta za ka gan shi, lokacin da ka janyo fuskar da ta yi duhu ta dawo ba tare da hoton ya farfashe ba. Ƙananan kyamarori masu araha galibi ba su da RAW.

Sai gilashin gaba, kuma a nan ne mutane da yawa suke yin asara bayan sun riga sun sayi babbar kyamarar. Gilashin da aka saba haɗowa da ita a kwali, mai lamba 18-55mm, in ka jawo abu kusa ƙofarsa ba ta buɗewa fiye da f/5.6. A wannan lissafin, ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. Gilashi mai f/1.8 yana shigar da haske kusan ninki goma na f/5.6, kuma shi ne yake narkar da bayan mutum ya bar fuskarsa tsaf, abin nan da masu biya ke gani su ce hoton ya yi. Wanda ya sayi DSLR ya bar ta da gilashin kwali, ya bar ta tana zaɓar komai da kanta, yana haska mutane da 'yar filashar da ke ɗagowa a kanta, zai ga an samu ci gaba, amma ba na kuɗin da ya kashe ba. Filasha ta kirki ita ce wadda ake ɗorawa a sama a juya kanta ta doki silin ko bango, hasken ya dawo a tausashe. Yawancin kyamarorin aljihu ba su da ma wurin ɗora ta, tasu ta jiki kuma 'yan mitoci kaɗan take kaiwa, ga ta dab da gilashi, shi ya sa take mayar da idon mutane ja.

Wani abin da ba ya cikin kyan hoto amma yana cikin kuɗin aiki shi ne sauri. Ka san ɗan jinkirin nan tsakanin danna maɓalli da ɗaukar hoton, wanda kafin ya wuce an gama musabahar da aka kira ka dominta. DSLR ta fi saurin kama abu ƙwarai da gaske, batirinta kuma ya fi jimiri. Nikon D3500 ta 2018, alal misali, an auna mata hoto 1550 a caji ɗaya, ƙananan kuwa yawanci tsakanin 200 ne da 300 da wani abu.

To duk wannan yabon na aikin taro ne. A kan kayan da kake sayarwa, shawarata ita ce kada ka sayi komai da sunan kyamara. Takalmi ba ya motsi, jaka ba ta ƙifta ido. Ka ɗora 'yar kyamararka a kan sanda mai ƙafa uku, ka kafe ISO a mafi ƙanƙantarsa, ka kashe filasha, ka ajiye kayan kusa da taga inda haske ke shigowa ba rana kai tsaye ba, ka jingina farin kwali a ɗaya gefen ya mayar da haske kan inuwa, sannan ka sa ta ɗauka da kanta bayan daƙiƙa 2 don kada hannunka ya girgiza ta. Duk raunin da na lissafa a sama ka toshe shi ke nan. Har ma tana da wata fa'ida a nan: ƙaramar sensa tana fito da abu tsaf daga gabansa har bayansa, alhali babbar in ka matso kusa sai hancin takalmi ya fito dunduniya ta narke, sai ka sha wahalar saiti. Kuma hoton nan a waya za a kalle shi, bayan WhatsApp ko Instagram sun matse shi sun rage masa girma. Abin da ke sa a dawo maka da yadi shi ne launi, a ga shuɗi a hoto a karɓi wani abu daban a hannu. Maganin wannan shi ne ka daidaita farin kyamarar, wato saitin da ke nuna mata abin da yake fari, da farar takarda a ƙarƙashin hasken da za ka yi aiki da shi, kuma kada ka haɗa hasken taga da na ƙwan lantarki a hoto ɗaya. Babbar kyamara ma in ba a yi mata haka ba ƙarya za ta yi.

Bari in ɗan ratse, don kada wani mai sayarwa ya ruɗe ka da girman jiki. Madubin da ke cikin DSLR ba ya ƙara wa hoto komai, aikinsa ya nuna maka abin da gilashi ke gani, yana ma ɗagewa ne ya ba da hanya a lokacin ɗauka. Akwai ƙananan kyamarori masu babbar sensa, irin su Fujifilm X100 ta 2011 da Ricoh GR ta 2013 masu APS-C, da Sony RX100 ta 2012 mai sensa milimita 13.2 da 8.8, ninki huɗu na irin taka. Sai dai ba su da araha kuma ba a canza musu gilashi. Akwai kuma marasa madubi waɗanda ake canza wa gilashi, Panasonic ta fara fito da irinsu a 2008, Canon da Nikon kuma suka karkata gare su sosai daga 2018. Wannan ya yi maka rana, domin masu sauya sheƙa sun cika kasuwar na hannu da DSLR masu lafiya.

Yanzu maganar kuɗi. Sana'a biyu gare ka, ka buɗe musu littafi biyu. Jarin kaya juyawa yake yi, ka saya ka sayar ya dawo da riba, kyamara kuwa daga ranar da ka buɗe kwalinta darajarta take sauka. In ka cire kuɗi daga mai juyawa ka zuba a mai sauka, ribar da kuɗin nan zai kawo a kowane zagaye ita ma tana cikin farashin kyamarar, ko da ba a rubuta ta a rasit ba. Kuma farashin da aka faɗa maka na jiki ne da gilashin kwali. Ka ƙara gilashi mai f/1.8, filasha ta sama, batir na biyu, memori biyu, jaka, da kwamfutar gyara in ba ka da ita. Ka haɗa jimilla, ka raba ta da abin da ke saura a hannunka a aiki ɗaya bayan ka cire kuɗin mota da wanki da ranar da ka bar cinikinka. In amsar ta ba ka 40, kana kuma samun aiki biyu a wata, sai bayan wata 20 kuɗinka zai dawo, in ba abin da ya lalace. A ganina duk abin da ya wuce shekara guda ya yi tsawo ga sana'ar da ba ka riga ka tabbatar da kasuwarta ba.

Saboda haka ka fara da haya ko aro na aiki uku ko huɗu, ka sa kuɗin hayar a cikin abin da za ka caji mai taro. Da haka za ka gane ko masu kiranka za su yarda su biya farashin babbar kyamara, ko kuwa araharka ce ta sa suke nemanka. Za ka kuma gane ko hannunka ya iya, don makon farko da DSLR hotunan mutum sukan fi na da muni kafin ya san kanta. Ka riƙa karɓar kafin alƙalami, ribar hoto kuma ka tara ta daban har ta kai rabin kuɗin kayan ko fiye, sannan ka saya.

Ranar sayen, ka tsaya a kan ta hannu mai APS-C, rarar kuɗin ka zuba a gilashi da filasha, kuma ban da cinikin biri a sama. Ka sa a nuna maka adadin hotunan da ta taɓa ɗauka, domin labulen da ke buɗewa ya rufe a cikinta yana da iyaka, na ƙananan DSLR ana kimanta shi wajen 100,000. Ka ɗauki hoton farin bango a f/16 ka buɗe shi a kwamfuta, ƙurar sensa za ta bayyana ɗigo-ɗigo. Gilashin kuma ka cire shi ka haska tocila ta cikinsa, in ka ga wani abu kamar yanar gizo-gizo, fumfuna ce, ka bar musu kayansu. In Nikon ce ta jerin D3000 ko D5000, ka tabbata gilashin yana ɗauke da alamar AF-S, domin jikinsu ba shi da ɗan injin da ke juya tsofaffin gilasai, sai dai ka riƙa saitawa da hannu. A kan APS-C gilashin 50mm yana matse fili kamar 75mm ko 80mm, ya dace da hoton mutum ɗaya, amma a ɗakin da ya cika da jama'a 35mm zai fi yi maka aiki. 'Yar ƙaramar kuma kada ka sayar da ita don cike kuɗi, ta ci gaba da ɗaukar takalma da jakunkuna, ranar taro kuma ta kasance a aljihunka da cikakken caji ko da babbar za ta ƙi tashi.