Sai an san ma'anar kalma kafin a buga ta a Scrabble?

Wa alaikumus salam, Malam. Ka ce ka saya wa ɗalibanka allon Scrabble, wasan haɗa kalmomi da ƙwayoyin haruffa, amma ka rasa ta inda za ku faro: ku zauna haddar ƙamus ne, ko kuwa sai yaro ya san ma'anar kalma sannan ya buga ta? Na haura shekara 15 ina wannan wasa, bari in faɗa maka abin da na gani.

A doka babu mai tambayarka ma'ana. In kalma tana cikin ƙamusun gasa, ta zauna, in babu, a kwashe maka ita. Mu a Najeriya ƙamusun Collins muke bi, ba na Amurka ba, don haka kada ka ɗauko ƙamusun aji ka ce da shi za a raba gardama. Nigel Richards, mutumin Niyu Zilan, ya ci gasar duniya ta Faransanci a 2015 alhali ba ya jin yaren, jerin kalmomin kawai ya haddace. To amma shi daban Allah ya yi shi. Ni da yaranka, kalmar da ba mu san kanta ba kwana uku take yi ta gudu.

Ku fara da kalmomi masu harafi biyu. A bugun Collins na 2019 guda 127 ne, yaro mai ƙwazo zai gama da su cikin mako biyu. Su ne ke ba ka damar jera kalma a gefen wata ka ci maki ta fuska biyu. Kuma su ke fitar da kai kunya in manyan haruffa sun maƙale maka: Q da Z maki 10 kowanne, J da X maki 8. QI numfashin rai ne a tunanin mutanen Sin, XU ƙaramin kuɗin Biyetnam, ZA taƙaitaccen sunan fiza, JO kuwa masoyi a bakin mutanen Sikotilan.

Wannan JO ɗin ta taɓa kwance mini zane a kasuwa. Muna wasa a gindin darbejiya bayan La'asar, abokin karawata wani tsohon ma'aikacin gidan waya ne da ke juya ƙwayoyinsa a hankali kamar mai jan carbi. Ya buga JO, ni kuma ina riƙe da S, sai na liƙa mata na jera kalmata a ƙasa, har ina lissafin maki talatin da wani abu. Dattijon ya sauke tabarau ya ce, "Yaro, Jos a Filato take, ba ta cikin ƙamus." Aka duba, jam'in JO ashe JOES ne. Na kwashe ƙwayoyina, zagayen ya wuce ni. Tun ranar nake rubuta abu uku a gaban kowace sabuwar kalma: suna ce ko aikatau, tana karɓar S ko a'a, sai ma'anarta a kalma biyu ko uku. QI da ZA suna karɓa, XU ba ta karɓa. S huɗu ne kacal cikin ƙwayoyi 100 na jaka, bai kamata a yi asarar ko ɗaya a kan zato ba.

Akwai wata garaɓasa da Bahaushe yake da ita bai sani ba. Turanci ya ari kalmomin Larabci da yawa, kuma cikinsu ne ake samun Q da ba ta buƙatar U a bayanta. QADI alƙali ne, QIBLA alƙibla, WAQF wakafi, TALAQ saki, FAQIR fakiri, NIQAB niƙabi, SUQ kasuwa. Ƙara da ZAKAT, HAJJ, HIJAB da DJINN. Bature sai ya yi hadda, yaronka kuwa tun a Islamiyya ya san su, rubutun kawai zai koya. NAIRA da KOBO ma suna ciki. ZOBO ma tana nan, sai dai ba zoɓon da muke sha da ƙanƙara ba ne, wata dabba ce ta tsaunukan Tibet, barbarar yanyawa tsakanin saniya da yak, wani irin sa mai dogon gashi. Ita ce dai ZO, ita ce DZO. Ba yaron da na gaya wa wannan ya manta ta.

Daga nan sai masu harafi uku, sannan masu bakwai, don wanda ya zubar da ƙwayoyinsa bakwai a bugu ɗaya yana da ƙarin maki 50. Kada su bi ƙamus daga A, wahala ce. Ka ba su A, E, I, N, R, S, T a kan takarda su juya: RETAINS, NASTIER, RETINAS, STAINER duk daga nan suke fitowa. Galibin waɗannan haruffa suna cikin waɗanda suka fi yawa a jaka, E kaɗai guda 12 ce.

Amma kada ka bari dogayen kalmomi su ɗauke musu hankali. Wellington Jighere, ɗan Najeriya, ya zama ɗan Afirka na farko da ya ci gasar duniya, a birnin Perth na Ostareliya a 2015, ya doke Lewis Mackay na Birtaniya 4 da nema a wasan ƙarshe. 'Yan wasanmu an san su da gajerun kalmomi masu toshe wa abokin karawa hanya. Doguwar kalma kan buɗe masa gidan da ke ninka makin kalma sau uku, ka ci 24 shi ya zo ya ci 60.

Abu ɗaya zan roƙe ka, Malam: ka raba littafin kalmomin wasa da littafin insha'i. Na taɓa ganin yaro ya rubuta ZA a jarrabawa yana nufin abinci, malaminsa ya zagaye ta da jan biro.