Hurumi, da wuce gona da iri

Wani mai karatu daga Kubwa, Abuja, ya aiko da tambaya: "Malam, kullum sai mu ji lauyoyi a rediyo suna cewa gwamnati ba ta da hurumin yin kaza, ko 'yan sanda sun wuce gona da iri. Ina asalin maganganun nan?"

Hurumi aro ne daga Larabci, tushensa ɗaya da haram da harami. A ƙasar Hausa ta da, hurumi fili ne da ake keɓewa a gefen gari, ba mai sa masa garma ya ce nasa ne, a wasu garuruwan ma maƙabarta ake kira haka. Kowane hurumi da iyakarsa, kuma mutanen gari sun san ta. To in aka ce hukuma ba ta da hurumi, ana nufin ta taka inda ba a yanka mata ba.

A Nijeriya kundin tsarin mulki na 1999 ne ya shata iyakar. Sashe na 10 ya hana gwamnatin tarayya ko ta jiha ɗaukar wani addini a matsayin addinin gwamnati. Sashe na 38 ya ba kowa 'yancin addininsa, har ya ce ba za a tilasta wa ɗalibi darasi ko ibadar addinin da ba nasa ba. Masu fassara sashe na 10 da "ƙasar da ba ruwanta da addini" sun ƙara gishiri, domin kundin da kansa ya tanadi Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci a Abuja, a sashe na 260. Abin da aka hana gwamnati shi ne ta zaɓa wa mutum abin da zai bauta wa.

Wuce gona da iri kuwa maganar manoma ce, kuma ina son ta ƙwarai. Ga mai shuka yana tafe, yana jefa ƙwayar gero a rami yana rufewa da diddige. Ya shagala, ya tsallake iyaka, ya ci gaba da shuka a gonar maƙwabci. Irin nasa ne, aikin halal ne, amma ƙasar ta wani ce. Haka abin yake ga hukuma: bincike aikin ɗan sanda ne, ba mai musu. Sai dai sashe na 37 ya kare sirrin ɗan ƙasa da gidansa da wasiƙunsa da maganarsa ta waya. Shi ya sa ƙa'ida ita ce a zo da takardar izinin bincike daga kotu kafin a birkice ɗakin mutum, ko da yake doka ta ware wasu yanayi, kuma sashe na 45 ya yarda a taƙaita haƙƙin saboda tsaro da zaman lafiyar jama'a, amma ta hanyar doka.

Har "ba shiga" ɗin da ake rubutawa a ƙofar zaure doka ta san da shi. Dokar tafiyar da shari'ar manyan laifuka ta 2015, wadda ke aiki a Abuja, ta ce in za a shiga ɗakin macen da ba ta fita bainar jama'a bisa al'ada ko addini, sai an sanar da ita an ba ta damar kaucewa tukuna. Ya kamata kowane magidanci ya san wannan, ya nemi ganin takardar izinin binciken cikin ladabi, ya duba ko adireshin gidansa ne a kai.