Kafin Ka Yanka Yadi, Ka Hau Ka Duba Rufin

Ɗana, ka tambaye ni wane yadi da wane launi za ka zaɓa domin aikin kammala karatunka, wanda kake so ka cika ɗaki guda da labule da zare har mai kallo ya shiga ciki ya ji aikin ya kewaye shi ta ko'ina. Tambayar ta nuna mini cewa ka faro daga wutsiya, kamar yadda yawancin sa'o'inka suke yi, domin kuna ganin hoton aiki a waya sai ku ɗauka launi ne ya tsayar da shi. Yadda ake auna ɗaki, da jiƙa yadin auduga kafin a yanka domin ya gama tsukewa, da sayen yadin duka daga rini guda, ba zan ɓata takarda a kansu ba. Wanda ya zauna a gabana bai san waɗannan ba, gara ya nemi wata sana'a.

Abin da ya kamata ka fara tambaya shi ne abin da zai ɗauki nauyin aikin. Yadi a hannu ba shi da nauyi, shi ya sa yake yaudarar mutane. Idan kowace murabba'in mita ta yadinka giram 200 ce, kuma ka rataya murabba'in mita 300, kilo 60 ke nan, ban da sanduna da waya da ƙugiyoyi. Auduga kuma tana shan danshin iska, ta ƙara nauyi ta saki jiki, har abin da ka ɗaure a miƙe da yamma ka tarar da shi da safe ya yi ciki. Bayan wannan ga mutanen da ka gayyata su shiga: babba zai shafa, yaro zai ja, wanda ya yi tuntuɓe kuwa da labulenka zai tsare faɗuwarsa.

Wani mai shirya baje koli ya taɓa ba ni aiki irin wannan a zauren wani babban gini. Lunguna yake so na yadin auduga rinin shuni, daga mai haske a bakin ƙofa zuwa mai duhu a can ciki, yadda mutum zai ji kamar yana nutsewa a hankali. Ni da yarana muka rina shi tsoma bayan tsoma, muna shanyawa muna jera gefe da gefe domin kada wani ƙyalle ya yi wa maƙwabcinsa tsalle a launi, kuma har yau ban sake yin rinin da ya kai wannan kyau ba. Da na je duba zauren na nemi a kawo mini tsani in buɗe silin in ga abin da ke samansa, sai ya ce masu ginin ba su yarda a taɓa ba, kuma injiniyansa ya riga ya duba, ma'aikatansa sun kafa ƙugiyoyin da za su ɗauki ninkin abin da na kawo. Na nemi takardar injiniyan, ya ce tana ofis, gobe za a kawo. Na nemi mu rubuta yarjejeniya, ya dafa kafaɗata yana dariya, wai tsakaninmu ai ba sai da takarda ba. Ɗan kafin alƙalamin da ya bayar ko kuɗin yadin bai biya ba, sauran duk daga aljihuna ya fita.

Ashe babu injiniyan da ya taɓa taka wurin. Ƙugiyoyin nan a jikin allon filasta aka murɗa su, irin silin da ake ratayawa da siraran ƙarafa domin ya ɓoye wayoyin wuta da bututun sanyaya ɗaki, wanda ba a yi shi don ya ɗauki komai ba sai kansa. Ranar buɗewa, jama'a na ciki, wata yarinya ta riƙe gefen labule tana leƙen uwarta, sai na ji ƙara a sama, allo ya tsage daga ƙugiya zuwa ƙugiya, lungu guda ya sauko da farar ƙura a kan shunin da muka sha wahalarsa. Allah ya kiyaye babu wanda ya ji rauni. Mutumin nan ya tsaya a gaban baƙinsa ya nuna ni da yatsa, ya ce aikina ne ya yi nauyi fiye da yadda muka yi magana. Ya hana ni cikon kuɗina, ya riƙe yadin a matsayin diyyar silin, ni kuma ba ni da ko layi ɗaya a rubuce da zan kai gaban kowa. Daga baya na ga yadin nawa a wani taron da ya shirya, an yayyanka shi an lulluɓe tebura, an ajiye kofuna a kai. Na gane shi ne da ɗinkin bakinsa, domin ninki biyu nake yi, in sa igiya a ciki.

Saboda haka ka hau da ƙafarka ka duba da idonka. Abin ratayarka ya shiga kankare ko katakon da ke ɗauke da ginin, ko kuma ka kafa firam naka daga ƙasa ka rabu da rufin gaba ɗaya. Kowace ƙugiya ka gwada ta da nauyin da ya ninka wanda za ta ɗauka kafin yadi ya hau. Makaranta ce ta ba ka ɗakin, na sani, amma duk da haka ka sa mai kula da ginin ya rubuta inda aka yarda ka huda da nauyin da aka yarda ka rataya, ya sa hannu. Ku yaran yanzu kuna jin kunyar neman takarda, amma ba kwa jin kunyar neman a ƙara muku lokaci. Ka duba masu fasaha Christo da Jeanne-Claude, waɗanda suka lulluɓe ginin majalisar Jamus a Barlin a 1995 da yadi murabba'in mita 100,000. Tun 1971 suke bin izini, sai da majalisar ta kaɗa ƙuri'a a 1994, aikin kuma mako biyu kacal ya yi a tsaye.

Sai maganar wuta, wadda a wurina ta fi nauyi haɗari. Auduga tana kamawa da sauri, foliyesta da nailan kuwa narkewa suke yi suna ɗiga a jikin mutum, ulu ne kawai mai wuyar kamawa a cikinsu. Ka sayi yadin da aka yi wa maganin hana kama wuta ko ka fesa masa, sannan ka yanki ƙyalle ka gwada a waje, ka tuna kuma cewa wanki yana iya cire maganin feshi. Fitilunka su zama na LED, nesa da yadi, domin tsofaffin ƙwayayen halojin suna zafin da zai babbaka labule. Kada ka rufe ƙofar fita ko alamarta don wai tana ɓata maka tsari, kuma lungunka ya yi faɗin da keken guragu zai wuce, wato kada ya gaza santimita 90.

Idan aljihunka na ɗalibi ba zai ɗauki yadi mai yawa ba, zare ma yana cika ɗaki. Chiharu Shiota, wata mai fasaha 'yar Japan, ta cika rumfar Japan a baje kolin birnin Benis na Italiya a 2015 da jan zare da dubban makullai a rataye, kuma nauyin ya rabu ne a wurare masu yawa maimakon ya taru a ƙugiya ɗaya. Yadi shara-shara da aka haska daga baya shi ma yana ba da zurfin da mai kauri ba zai bayar ba, ga shi da sauƙin ɗauka.

Ka yi samfurin ɗakin da kwali, kowace mita ta zama santimita 10, ka rataya ƙyallayenka a ciki ka haska da tocila. Ka kawo mini shi tare da awon ɗakin, da hoton abin da ke saman silin, da takardar mai kula da ginin. Idan waɗannan sun cika za mu zauna mu yi maganar launi.