Fatawa: Tafiya a jirgin ruwan shaƙatawa da ake sayar da giya a cikinsa

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni mazaunin Jidda ne, a unguwar Karantina, sama da shekara 30. 'Ya'yana sun haɗa kuɗi sun yankar mana tikiti ni da mahaifiyarsu a jirgin ruwan shaƙatawa na wani kamfanin Turai. Kwana 7 za mu yi, daga nan zuwa Aƙaba ta ƙasar Jodan da Safaga ta ƙasar Masar mu dawo. An ce mana da jirgin ya fita daga ruwan Saudiyya ake buɗe mashaya, kuma tikitin ya haɗa da kuɗin abin sha. Babban ɗana ya ce ko an zuba giya a girki wuta tana ƙone ta. Malam, tafiyar ta halatta? Me za mu ci, me za mu bari? Yaya kuma sallarmu?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Alhaji, Allah ya yi wa 'ya'yan nan albarka, sun yi abin da ake so ɗa ya yi wa iyayensa.

Hawa teku halal ne. Sahabban da suka yi hijira zuwa Habasha ta wannan Bahar Maliya suka bi, daga gaɓar Shu'aiba da ke kudu da Jidda, kuma kakanninmu da yawa ta Sawakin da ke Sudan suka tsallako zuwa Hajji. Yawon ganin ƙasa da huta gajiya shi ma halal ne. Abin da aka biya wa kuɗi a tikitin shi ne sufuri da masauki da abinci, saboda haka cinikin bai ɓaci ba don kamfanin yana sayar wa wasu giya, kamar yadda tikitin jirgin sama ba ya ɓaci. Sai dai akwai bambancin da ba zan ɓoye maka ba. Jirgin sama sa'o'i ne kuma galibi buƙata ce ke sa a hau shi. Wannan kuwa kwana 7 ne na nishaɗi, a wurin da ba ka iya buɗe ƙofa ka yi tafiyarka. Don haka halaccin yana da sharaɗi: ku iya nisantar mashaya da ɗakin caca da wuraren tsiraici, ku iya tsare salla a kan lokacinta. Wanda ya san ba zai iya ba, ko zai tafi da samari da 'yan matan da ba zai iya tsarewa ba, bai halatta ya je ba. Dattijo da iyalinsa irinku, ina ganin za ku iya.

Kafin komai, ka sa yaran su tambaya ko ana iya mayar da tikitin ba tare da asara mai nauyi ba. Tun watan Disamba na 2024 jirgin Aroya, na kamfanin Cruise Saudi, ya fara tashi daga Jidda, kuma ba a sayar da giya a cikinsa. Idan canjin zai yiwu, shi ya fi, kusan rabin tambayarka ta faɗi ke nan. Idan ba zai yiwu ba, ga abin da ke kanku.

Kuɗin abin sha tukuna. Kamfanonin nan sukan sayar da shi kashi-kashi, akwai na lemo da shayi da gahawa kawai, akwai wanda ya haɗa da giya. Sayen na biyun sayen giya ne ko ba a sha ba, kuma a hadisin Anas da Tirmizi da Ibn Majah suka ruwaito, cikin mutum goma da aka la'anta kan giya akwai mai sayenta da wanda aka saya wa da mai ɗaukarta. A nemi a mayar da shi na lemo. In sun ce a haɗe yake da tikitin ba ya cirewa, ku sha halal ɗin da ke ciki, babu laifi a kanku. Amma kada ka karɓo kofin giya ka miƙa wa wani baƙo don kada kuɗi su tafi a banza, kada ka ara masa katinka na karɓar abin sha. Idan kun tarar da kwalbar giya ta maraba a ɗakinku, ko ƙaramin firjin ɗakin cike da su, ku ce wa mai gyaran ɗaki ya kwashe tun ranar farko. Suna yi ba tare da gardama ba.

Yanzu maganar ɗanka, wadda ita ce ta fi damuna, domin na san ku ba za ku taɓa kwalba ba, ta cikin tukunya ce ke iya shammatarku. Abin da ya faɗa ya yaɗu a bakin mutane, amma bai inganta ba ko a wajen masana abinci. Ma'aikatar Noma ta Amurka ta wallafa alƙaluman gwaji kan haka: abincin da aka zuba wa barasa aka kunna masa wuta yana riƙe kusan kashi 75 cikin 100 na barasar, wanda ya yi minti 15 yana dahuwa yana riƙe kashi 40, na awa ɗaya kashi 25, kai ko bayan awa biyu da rabi akan samu ragowar kashi 5. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗan ɗinsa ma haram ne. Sannan a mazhabobi huɗu giya najasa ce, miyar da aka zuba ta ta najastu, dahuwa ba ta tsarkake ta. Akwai malaman da suka ce jikinta ba najasa ba ne, kamar Rabi'a malamin Imam Malik, da Laisu ɗan Sa'ad, da Shaikh Ibn Usaimin a wannan zamani, amma wannan saɓanin a kan tsarkin tufa da jiki yake, ba izinin zuba ta a tukunya ba ne. Saboda haka abincin da ka san an girka da giya, ka bar shi.

Ta yaya za ka sani, alhali ba a cika rubutawa ba? Girkin Italiya da Faransa, wanda shi ya fi yawa a jiragen Turai, giya a cikinsa kamar daddawa ce a miyarmu. Shinkafar da suke kira risoto da farar giya ake fara ta. Romon da ake zuba wa gasasshen nama sau da yawa da jar giya ake haɗa shi. Kifin da aka tsoma a kwaɓin fulawa aka soya, wani lokaci da giyar sha'ir aka kwaɓa fulawar. A kayan zaƙi akwai tiramisu da kek iri-iri da ake jiƙawa da barasa, a girkin Japan kuma akwai mirin, wata giyar shinkafa. Maganin wannan ɗaya ne, tambaya. Tun yanzu yaran su rubuta wa kamfanin cewa fasinjoji biyu ba sa cin alade da duk abin da giya ta shiga, domin irin wannan buƙata makonni kafin tashi ake shigar da ita. Daren farko kuma ka nemi shugaban masu kawo abinci ka maimaita masa. Al'adarsu ce su nuna wa mai larurar abinci jerin abincin gobe tun yau, ya zaɓa, a girka masa daban. Matambayi ba ya ɓata, kuma idan ma'aikacin ya je ya tambayo kuku ya dawo ya ce babu, ka karɓi maganarsa, ba a ɗora maka shiga kicin ba. In daga baya ka gane ka ci bisa rashin sani, babu zunubi, ka kurkure baki ka wanke hannu.

Kada kuma tsoro ya kai ku ga haramta halal. Khalli, wato binega, ko da asalinsa giyar inabi ce, ya riga ya juye ya zama wani abu daban, kuma a Sahihu Muslim Annabi ya yabe shi da cewa madalla da mahaɗin abinci. Burodi ma ba a kiransa giya don yis ya tashe shi.

Mafi faɗin ƙofa a gare ku ita ce abincin teku. Allah ya ce a Suratul Ma'ida, aya ta 96, an halatta muku farautar teku da abincinsa. A Muwaɗɗa, wani mutum ya ce wa Annabi suna hawa teku da ruwa kaɗan, in sun yi alwala da shi ƙishirwa za ta kama su, ko su yi da ruwan teku? Ya ce ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa halal ne. A wajenmu Malikawa kifi da jatan lande da ƙaguwa da duk abin da ke rayuwa a ruwa ana ci ba tare da yanka ba. Hanafawa ne suka taƙaita a kan kifi. Gasasshen kifi da lemon tsami, ƙwai, shinkafa fara, taliya, dankali, ganye da 'ya'yan itace sun ishi mutum kwana 7 cikin wadata.

Nama shi ne mai buƙatar tsayawa. Mutane sukan ce ai kamfanin na Nasara ne, Allah kuma ya halatta abincin Ma'abota Littafi a aya ta 5 ta Ma'ida. Ayar gaskiya ce, amma kamfanin ba shi ya yanka ba, sayowa ya yi a daskare, kuma a mayankan Turai da yawa akan kashe kaji da iskar gas kafin wuƙa ta taɓa su. Abin da ya mutu kafin yanka mushe ne ko a hannun Musulmi. Hadisin A'isha da ke Bukhari, inda aka ce ku ambaci sunan Allah ku ci, a kan naman da Musulmi sababbin shiga Musulunci ke kawowa yake, ba a kan wanda aka san galibinsa ba yankakke ba ne. Jiragen da ke lodi a Jidda sukan sayi nama a nan, wanda halal ne. Ka tambaya, in sun tabbatar maka mai shaidar halal ne, ci abinka. In suka yi ta kame-kame, koma ga kifi. A wurin ɗiba-da-kanka na karin kumallo ku lura da faifan suya, domin a kansa ake soya naman alade a kuma soya ƙwai. Ka ce a soya maka a kasko mai tsabta, ko ka ɗauki dafaffe. Faranti da cokulan da aka wanke ba su da matsala, hadisin Abu Sa'alaba ya nuna wanki ya wadatar. Alewa mai danƙo da kayan zaƙi masu santsi kuwa jelatin ɗinsu a Turai galibi na fatar alade ne, a tambaya.

Saura teburi. Tirmizi ya ruwaito daga Jabir cewa wanda ya yi imani da Allah da Ranar Lahira kada ya zauna a teburin da ake zagayawa da giya. A manyan ɗakunan cin abinci na jirgi sukan haɗa baƙi shida ko takwas a teburi ɗaya har ƙarshen tafiya, kuma da wuya a rasa mai sha a cikinsu. Zama a nan bai halatta ba alhali kana da mafita, mafitar kuwa mai sauƙi ce: ka nemi teburin mutum biyu tun ranar shiga, ka ce a ɗauke kofunan giya daga kansa. Kasancewar wasu suna sha a nasu teburin a cikin zauren bai shiga lafazin hadisin ba, ko da yake nesa ta fi, kuma kuna iya cin abinci da wuri ko a kawo muku ɗaki. Liyafar da kyaftin ke shirya wa fasinjoji, inda ake bin mutane da kofuna a tire, ku bar musu.

Salla a jirgi a tsaye ake yin ta. An ruwaito daga Ibn Umar cewa Annabi ya ce a yi ta a tsaye sai in ana tsoron nutsewa, kuma waɗannan manyan jirage ba su cika girgiza ba. Ranar da teku ya tashi ko jiri ya kama Hajiya, ta zauna, kamar yadda ya zo a hadisin Imrana ɗan Husaini. Alƙibla ce ke son kulawa, domin Makka kusa take, saboda haka tana sauyawa da sauri: a Jidda gabas kuke kallo, kuna isa Aƙaba ta koma kudu maso gabas. Ƙarfen jirgi yakan rikita manunin alƙibla na waya, gara ka duba tashar talabijin ɗin ɗaki da ke nuna inda jirgin yake da inda ya dosa, ko ka tambayi ofishin karɓar baƙi. In ya juya kana cikin salla kuma ka gane, ka juya. Lokutan salla da rana ake bi a inda kuke, kada ku dogara da jadawalin Jidda. Za ku yi ƙasaru, domin tafiyar ta wuce nisan ƙasaru nesa ba kusa ba, kuma Juma'a ba ta wajaba a kanka ba. Haɗa salla biyu kuwa, Shaikh Khalil, mai Mukhtasar na Malikawa, ya ƙayyade sauƙin da tafiyar tudu, Shafi'awa da Hambalawa suka halatta a teku ma. A cikin jirgi ba ku da abin da zai hana ku yin kowace a lokacinta. Ranar da kuka sauka aka ɗauke ku a mota zuwa Petra ta Jodan ko Luksor ta Masar, tafiyar sa'o'i ce a tudu, sai ku haɗa. Amai ba ya karya alwala a mazhabarmu, a wanke baki da inda ya taɓa kawai.

Ka tabbata iƙamarku ta zama a Saudiyya da bizar fita da dawowa ba za su ƙare kuna kan ruwa ba, fasfo kuma yana da sauran aƙalla wata 6. Magungunan da kuke sha kullum su kasance a jakar hannu, domin manyan akwatuna sukan yi sa'o'i kafin su iso ɗaki. Maganin jiri yana sa barci mai nauyi, a saita ƙararrawa saboda Asuba. Atisayen ceto da ake yi ranar tashi wajibi ne ku halarta, tsare rai ne, kuma shi ne zai nuna muku inda za ku taru in wani abu ya faru. Idan kun sauka a wata tasha, agogon jirgi za ku bi wajen dawowa, ba ya jiran wanda ya makara.

In kun taka jirgin ku karanta abin da Annabi Nuhu ya faɗa, a Suratu Hud aya ta 41: Bismillahi majreha wa mursaha, inna Rabbi la Gafurun Rahim. Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya, a gaida Hajiya da yaran.

Wallahu a'alamu.