Amsar tambaya kan ƙungiyar kurket ta Yorkshire

Assalamu alaikum jama'a. Ƙanina, na saurari saƙonka, kana tambaya wai mene ne asalin ƙungiyar kurket ta Yorkshire da ka ji ana ta yi da ita. To bari in ba ka abin da na sani.

A Ingila, kurket ta gargajiya da sunan yanki ake yinta, manyan ƙungiyoyi 18 ne, wasa ɗaya ma kwana huɗu yake ci. Ita Yorkshire an kafa ta a watan Janairun 1863, a wani otal da ke Sheffield. Filinsu na farko Bramall Lane ne, eh, wanda Sheffield United ke buga ƙwallo a ciki. Kurket ce ta riga ƙwallo shiga wurin. Daga baya suka mai da Headingley da ke Leeds gida.

Kofin yankuna kuwa sun ɗauka sau 33, har da wanda suka yi tarayya a 1949. Babu wadda ta kama ƙafarsu. Na farko a 1893 ne, ƙarƙashin kyaftin Lord Hawke. Su ne suka fitar da Len Hutton da Fred Trueman, ga Joe Root a wannan zamani. Tambarinsu farin fure ne, abokan hamayyarsu Lancashire kuma ja.

Amma ga inda maganar take. Shekara da shekaru suna da doka: in ba a Yorkshire aka yanke maka cibi ba, ba ka sa rigarsu. Har ana ba da labarin magidanta da ke garzayawa da matansu masu tsohon ciki zuwa cikin yankin, don in namiji ne ya cancanta. Ni wannan kishin gida yana burge ni, wallahi. Yaro ya taso a garin masu haƙar kwal, ya san rigar nan tasa ce in ya dage. Sai a 1992 suka buɗe ƙofa, suka ɗauko Sachin Tendulkar daga Indiya yana ɗan shekara 19.

Abin da ke ci mini rai shi ne 'ya'yan 'yan Pakistan da aka haifa a garuruwan Yorkshire irin su Bradford. Sun cika sharaɗin haihuwar, suna buga wasan kamar me, amma sai a 2004 aka ga na farkonsu, Ajmal Shahzad, a babbar ƙungiya. Sannan a 2020 tsohon ɗan wasansu Azeem Rafiq ya fito ya faɗi wariyar launin fatar da ya sha a can. Shugabanni suka sauka, a 2023 kuma aka ci ƙungiyar tarar fam 400,000, aka zabtare mata maki 48. Surutun da kake ji ke nan, ƙanina. A gaida mutanen gida.