Sojan da ya ɓace kusan shekara goma an gano ƙasusuwansa, yaya za a yi jana'izarsa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Yayana soja ne, daga barikin Rukuba aka tura su Borno, tun 2015 muka daina jin ɗuriyarsa, ba gawa ba labari. Babanmu har ya rasu a 2019 yana jiransa, matarsa kuma ta kai maganar kotu alƙali ya yanke mata hukunci, ta yi takaba ta yi wani aure har da yara biyu. Yanzu an kira mu wai an gano ƙasusuwansa tare da lambar da yake ratayawa a wuya, an yi gwajin DNA da jinin ƙanenmu ya yi daidai, za a kawo shi nan Jos. Malam za a yi masa wanka da sallah ko shahidi ne? Auren matar fa? Dan Allah a taimaka, Mama ko barci ba ta yi. Daga 'yar'uwarku a Anguwan Rogo.

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansa, ya ba Mama haƙuri, wallahi tambayar nan ta taɓa min zuciya.

Toh 'yar'uwa, maganar shahada muna kyautata masa zato sosai, mutum ya bar iyalinsa ya tafi kare rayukan bayin Allah har ya rasa ransa a can, amma ba ma yanke wa kowa, Imamul Bukhari ma babi guda ya ƙulla cewa ba a cewa wane shahidi ne. Shahidin da Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, ta ce ba a yi masa wanka ba a yi masa sallah, a binne shi da tufafinsa kamar mutanen Uhudu, a wajen malamanmu na Malikiyya shi ne wanda ya faɗi a fagen yaƙi da kafirai abokan gaba. Wanda 'yan tawaye ko 'yan ta'adda masu da'awar Musulunci suka kashe, shi ana masa komai kamar kowane mamaci. Sayyidina Ali ɗan Khawarij ne ya sare shi, kuma an yi masa wanka an sallace shi. Ballantana nan da ba wanda ya ga yadda ran ya fita.

Inda aka yi saɓani shi ne abin da ya rage na jikin. Risala ta ce ana sallah ga mafi yawan jiki, an kuma yi saɓani a kan irin hannu ko ƙafa. Abin da ya shahara a mazhabarmu shi ne in bai kai kashi biyu cikin uku ba, a naɗe a binne kawai. Shafi'i da Ahmad kuwa suka ce ko gaɓa ɗaya aka samu a sallace ta, Shafi'i ya kawo cewa bayan yaƙin Raƙumi da aka yi zamanin Sayyidina Ali, tsuntsu ya yar da wani hannu a Makka, aka gane na Abdurrahman ɗan Attab ne ta zoben da ke jiki, mutanen Makka suka yi masa sallah. Kin ga zoben nan, shi ne lambar wuyan yayanki, ga kuma gwajin asibiti a kai. Don haka ni abin da zuciyata ta natsu da shi: ku sallace shi. In mafi yawan ƙasusuwan sun samu ai ba magana, in ma kaɗan ne maganar Shafi'i tana da ƙarfi, kuma bawan Allah nan da alama ba a taɓa tsayawa a kansa an yi kabbara huɗu ba.

Wankan kuma a bi a hankali. A kwarara ruwa a kai ba tare da cuɗawa ba, in an ga ruwan zai marmashe su a bari. Annabi (SAW) ya ce karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana da rai, Abu Dawud ya ruwaito daga Nana A'isha. A haɗa su gaba ɗaya cikin farin likkafani, kada a bar ko ɗaya a baya. In a akwati sojoji suka kawo shi an rufa tuta, wannan girmamawar aikinsu ce, a bar su su gama, sannan a fito da shi a sa a kabari yana fuskantar alƙibla, in fitarwar za ta tarwatsa ƙasusuwan a binne da akwatin, lalura ce. Ɗauko shi daga can zuwa gida ma babu laifi, Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas a Aƙiƙ, wani kwari a wajen Madina, ya rasu aka ɗauko shi zuwa Madina. Na taɓa kama makara irin wannan, ba nauyi ko kaɗan kamar ba kowa a kai, manyan maza suka riƙa share hawaye da bakin riga. Shi ya sa nake roƙon kada a buɗe a gaban Mama sai in ita ta nace, ta zauna kusa ta yi masa addu'a ya ishe ta.

Auren matar yana nan daram, yaran kuma 'ya'yan halak ne. A Muwaɗɗa, littafin Imamu Malik, Sayyidina Umar ya ce matar wanda ya ɓace ta jira shekara huɗu sannan ta yi idda wata huɗu da kwana goma, wanda ya ɓace a fagen yaƙi ma malamanmu sun rage mata jiran, kuma ita ba gaban kanta ta yi ba, alƙali ne ya yanke. Ba wata sabuwar takaba a kanta, don takaba daga ranar mutuwa take farawa ba ranar da labari ya iso ba. Kada wani a dangi ya goranta mata a gidan gaisuwa.

Sai gado, wanda ba ki tambaya ba amma nan ake yawan kuskure. Magadansa su ne waɗanda ke raye ranar da ya rasu. In ta tabbata ya riga Babanku, to Baba yana da rabonsa, ya shiga cikin dukiyar da magadan Baba za su raba, ita ma matar tana da nata duk da ta yi aure. Ku karɓi takardar sojoji mai nuna lokacin rasuwar ku kai wa alƙali kafin kowa ya taɓa ko kwabo, a fara da biyan bashinsa in akwai.

Wallahu a'alam.